Neman Wane a Bakin Teku

Ku gyara zama, don hanyar da nisa, kuma mai ba da labarin ƙafafunta sun riga sun gaji. Ni ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubutawa. Abu guda na roƙi mai rubutun: akwai sunan da ba ya fita daga bakina, kada a sa mini shi a takarda.

Ni ce Asabe, matar Malam Garba na Nahuce, a ƙasar Bunguɗu. Ɗana na fari namiji ne. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa gaban mutane. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, haka uwata ta yi wa yayana har ta koma ga Allah. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Kwatarkwashi, can ya girma a gindin duwatsu yana bin mafarauta da karnukansu. In zan yi zancensa sai in ce Wane. A kai wa Wane fura. Wane ya iso? Kowa ya san wanda nake nufi.

Ya koyi ɗaukar hoto a wani shago kusa da tasha a Gusau, daga nan ya bi motocin goro ya tafi ƙasar Gwanja, wadda yara suke cewa Gana. Ya daɗe can har ƙannensa suka aurar da 'ya'ya. Abin da yake aikowa wayar ƙanwarsa Hadiza, mai aure a Damba, hotuna ne. Ba fuskarsa a ciki, ba fuskar kowa. Kare a kan baƙin dutse, ruwa yana tashi a bayansa kamar an watsa gari. Kare yana gudu a yashi. Wani lokacin ma babu karen, dutse ne kawai da ruwa da sama.

Bayan girbi ɓarin jikin Malam ya shanye, bakinsa ya karkace. Ya riƙa tambayar ɗansa. Hadiza ta kira, aka ce mata ana nan tafe. Aka kai hatsi rumbu, rani ya shigo, ba a zo ba. Daga baya wayar ma ta daina shiga. Malam kuwa kullum raguwa yake. Rannan ina ba shi kunu ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya.

"Ke za ki tai," ya ce. "Ba saƙo shika jira ba."

An haɗa ni da Hajiya Kulu, 'yar Tsafe, mai saro atamfa a Lome. Mace ce mai jiki da murya, ta san kowane direba da sunan uwarsa. Ita ta yi mini takardar ƙetare iyaka. Hadiza ta ba ni tsohuwar wayarta mai hotunan, ta kuma wanke mini guda a takarda, na soke shi a cikin lalitata.

Zango na farko Ikko ne. Ban san iya nisan ƙasar Allah ba sai a wannan motar. Gero ya ƙare a gefen hanya, dawa ta ƙare, aka shiga itatuwan da ban san sunansu ba, ana dai tafiya. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi fita, sai da Hajiya ta sa man gyaɗa ta murɗe shi. A Ikko mun kwana a ɗakin wasu mata masu tuwon sayarwa. Zufar garin ba ta bushewa. A gida in ka yi gumi iska ta ɗauke, can kuwa sai ya zauna maka a jiki kamar bashin maƙwabci mai naci. Na yi sallah a tsakanin tukwane, ina jin ƙarar motoci a cikin haƙarƙarina.

Zango na biyu bakin iyaka, hanyar Kwatano. Nan aka yi mini abin da aka yi mini. Hajiya ta shiga layi da takardunmu, ta ce in zauna a kan benci kada in kula kowa. Ina zaune sai ga wani dattijo da farar riga da tasbaha, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, sannu da hanya. Daga ina a ƙasarmu?"

Na ce Nahuce.

"Awo! Ni ɗan Bunguɗu na, bayan kasuwa. Mi ya kawo ki nan, uwata?"

Rabona da jin "awo" a bakin baƙo tun Gusau. Sai zuciyata ta saki. Ya ce masu bincike suna ƙwace duk abin ci da waya in sun gani a hannun tsofaffi, in ba shi ƙaramin ƙunshina ya zagaya da shi ta baya, mu haɗu a ƙetare. Na ba shi. A ciki akwai wayar Hadiza, da dakuwa, da kilishi, da zumar da na riƙo wa Wane. Har yau yana zagayawa.

Hajiya Kulu da ta dawo ta tafa hannu. "Asabe! Don mutum ya ce miki awo? Aku ma in ka koya mai sai ya ce awo!" Ta yi faɗa har muryarta ta dishe, sannan ta saya mini biredi da shayi, ta zauna tana kallona ina ci. Ban yi kuka ba. Zumar ce ta tsaya mini a rai, don ni na tace ta da hannuna.

A Lome tafiyar Hajiya ta ƙare. Ta sa ni a motar Ankara, babban birnin Gana, ta ja kunnen direba, ta ce ya sauke ni a ƙofar mai unguwar zangon Hausawa. Ta gaya mini ranar da za ta juya gida, ta ce in ban dawo ba kafin nan ita dai kayanta ba za su jira ni ba. Sai da mota ta tashi na tuna cewa daga nan gaba, duk faɗin ƙasar, ba wanda ya san sunan wanda nake nema sai ni.

Mai unguwar dattijo ne mai kirki. Hausarsu ta can wata iri ce, kamar tuwon da aka tuƙa da ruwan wani gari, amma ana ganewa. Ya sa aka ba ni ruwa, ya tara 'yan majalisarsa a zaure.

"Mama, ɗan naki yaya sunansa?"

Na dubi tabarma.

"Mama, sunansa muke tambaya."

Na ce, "Dogo ne, baƙi, yana ɗaukar hoto."

Wani mai jar hula ya yi dariya. "Tsohuwa ta ƙetare ƙasa uku tana neman ɗa, ta manta sunansa a mota."

Sai aka ɗaga labule daga cikin gida. Uwar mai unguwar ce, tsohuwa tukuf, ana ce mata Mma Ladi, kakanninta daga Kano suka zo da fataken goro. Ta dube ni, ta dubi mazan.

"Ku tashi ku ba mutane wuri, marasa tarbiyya. Ɗan fari ne. Ku da aka haifa a bakin kwata me kuka sani?"

Ta ja ni ɗakinta, ta zaunar da ni a bakin gado. Ta ce, "Ƙanwata, ba sai kin faɗa ba. Ni zan riƙa kira, in na taka shi ki yi tari." Ta fara. Audu. Sule. Isa. Haruna. Ta bi annabawa, ta bi sahabbai, ta dawo sunayen ranaku, tana yi tana dariya da dasashinta. Da ta iso kansa, tarin ma ƙin zuwa ya yi. Na dai sunkuyar da kai.

"To fa," ta ce. "Rabin zangon nan sunansu ke nan, har da mai jar hular can."

Hoton da ke lalitata ne ya fisshe ni. Aka yi ta yawo da shi hannu zuwa hannu, har ya kai ga wani direban motar kifi. Ya ce ya san duwatsun nan, can yamma ne, gaba da Takoradi, wani ƙauyen masunta. Ya ce akwai Bahaushe a can mai kyamara.

"Sarkin Karnuka ake ce masa," in ji shi. "Turawa da manyan mutane suna kai masa karnukansu ya ɗauka. Kwanciya yake a ƙasa gaban kare, wallahi na gani da idona."

Aka yi dariya a zauren. Ni kuwa na ji kamar an zare mini zani a kasuwa. Ɗan Malam Garba, wanda ubansa ke jan sallah a unguwa.

Motar kifin ce ta kai ni. Ƙarnin ya shiga mayafina, ya shiga gashina, har abincin da na ci daga baya duk kifi nake ji. Inda kwalta ta ƙare direban ya sauke ni, ya nuna mini wata 'yar hanya cikin itatuwan kwakwa. Na bi ta ina jan ƙafa. Tun ban ga komai ba nake jin ruri, kamar hadari yana tahowa amma ba ya isowa.

Ban kai ƙarshen hanyar ba ƙafafun suka ƙi. Na zauna a gindin wata bukka inda wata mata take banda kifi. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Ta dubi ƙafafuna, ta yi tsaki irin na tausayi, ta shiga ta fito da ruwan ɗumi a kwano. Ta durƙusa ta wanke mini su, ta shafa man kwakwa, tana matsawa tana surutu da yarenta kamar tana yi wa ƙafafun faɗa. Na sa mata albarka da Hausa, ta amsa da nata. Na nuna mata hoton. Ta yi dariya, ta nuna bayan bukkar da haɓa. Na lallaɓa na zagaya, sai ga teku.

Na san gulbin Bunguɗu in ya cika, na ɗauka na san ruwa. Wannan ba shi da ƙetare. Ya tafi har ya haɗu da sama, ba ka san inda ɗaya ya ƙare ba. Duwatsun kamar na Kwatarkwashi, amma baƙaƙe, jiƙaƙƙu, an tsattsaga su. Ruwan yakan ja da baya kamar rago zai yi karo, ya taho ya doki dutse, ya tashi fari ya fi rumbu tsawo, ya zube, ya sake ja. Ba ya hutawa. Na tsaya ina jira ya huta, bai huta ba.

A kan yashi na ga mutum kwance rub da ciki, da kyamara mai dogon baki kamar bututu. Gabansa wani ƙaton kare mai gashi kamar tunkiya. Gefe wata Baturiya tana kiran sunan karen, tana maimaitawa da murya mai zaƙi, ta rungume shi, ta sumbace shi a goshi. Sunan nan ta kira shi ya fi a ƙirga kafin in ƙarasa wurin.

Mutumin ya ɗago. Akwai furfura a gemunsa. Ba wanda ya gaya mini ya yi furfura.

Ya ajiye kyamarar a kan yashi, ya taho, ya durƙusa. Na juya fuskata wajen itatuwan kwakwa, kamar yadda ya kamata.

"Inna."

"An yini lafiya?" na ce.

"Inna, ke da wa? Ta yaya?"

"Mutanen gida suna gaisuwa."

Ɗakinsa na katako ne a kan tudu. Ya share, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ya kawo dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da kifi da yaji. Na ci don yunwa, raina yana wajen tuwon dawa da miyar kuka. Muna zaune sai ga wani jan kare, tsoho, kunne ɗaya a yage, ya leƙo ƙofa. Na janye mayafin sallata.

"Wane, fita," ya ce.

Na ɗago kai ban shirya ba. Karen ya juya ya kwanta a waje.

"Sunansa ke nan," ya ce, yana kallon kwanon gabansa. "Na tsince shi a bakin ruwa ba mai shi. Na rasa abin da zan kira shi, sai wannan ya zo mini. Yana amsawa kuwa."

Na wanke hannu.

Na isar da saƙo a daren farko bayan sallar magariba, ina fuskantar bango. Na ce Malam ba lafiya, jiki ya shanye, ya ce a zo.

"Hadiza ta gaya mini. Wayata ta faɗa ruwa ne. Zan zo, Inna, in aiki ya yi sauƙi. Yanzu lokacin baƙi ne."

"Malam ba zai kai damina ba."

Can ya ce, "Malam ya ce a zo. Hadiza ta ce a zo. Ke fa?"

"Ni aiko ni aka yi."

"To," ya ce. Ya tashi ya fita wajen karensa.

Na yi kwanaki a wurin ina kallon sana'arsa, tunda ba abin da zan yi. Da asuba yake fita, wai hasken safiya ya fi taushi. Yakan daɗe a tsugune bai ɗauki komai ba, yana jiran ruwa ya tashi daidai bayan karen, ko karen ya juyo da kai. Yana da haƙurin ubansa. Yana yi musu wani ɗan fito da ya koya wurin mafarautan Kwatarkwashi, sai ka ga kunnuwan kare sun miƙe, shi kuwa ya danna. In ba baƙi, sai ya hau duwatsu shi kaɗai ya yi ta ɗaukar ruwa. Na ce a raina, wa zai sayi hoton ruwa? Ashe ana saya.

Wata safiya wani dattijo ɗan ƙasar ya zo a mota, ya fito da kare a rungume cikin bargo. Karen ya tsufa, ba ya iya tsayuwa, idonsa ya yi fari. Suka kwantar da shi a kan wani faffaɗan dutse inda rana take. Dattijon ya zauna kusa, ya sa bakinsa a kunnen karen yana kiran sunansa a hankali, wutsiyar tana ɗan motsi. Babban mutum da furfura, hawaye yana bin kumatunsa, bai ɓoye ba. Na ga Wane nawa ya sauke kyamara ya jira, sai da dattijon ya share fuska sannan ya ɗauka.

Da suka tafi ya zo ya tsaya nesa da ni kaɗan. Ya ce, "Yawancinsu haka suke zuwa, in sun ga abin ya kusa. Suna so ya rage musu a takarda."

Na ce, "Ubanka ba kare ba ne, kuma ba takarda yake so ba."

"Na sani, Inna."

"To."

"Na sani," ya sake cewa. Amma bai ɗaure kaya ba.

Mutanen ƙasar nan komai nasu a fili yake. Suna kiran abin da suke so da sunansa, da ƙarfi, gaban kowa. Mu ba haka aka yi mu ba. Na goya shi a ɓoye, na yi masa addu'a a ɓoye, duk abin da na dafa mai daɗi sai na aika Kwatarkwashi ba tare da na ce daga ni ba. Na ɗauka ya sani. Ina zaune a tudun nan, iska mai gishiri tana fasa mini leɓe, na gane shekarun nan duka yana zaune ne cikin mutanen da suke faɗa, yana saurare.

Ranar juyawar Hajiya Kulu ta matso. Motar kifi za ta tashi da hantsi. Da asuba ya gaishe ni, ya ajiye mini guzuri a bakin ƙofa, ya ce zai je ya dawo kafin mota. Na san ba zai dawo ba sai ta tafi. Haka ubansa yake yi in ba ya son sallama.

Na ɗaure ƙunshina na sauka bakin yashi. Yana can nesa a kan dutse na ƙarshe, inda ruwa ke dukan ƙafarsa, ɗan mitsitsi kamar tsuntsu. Ko da namiji mai ƙarfi ya yi ihu daga inda nake, ba za a ji ba. Rurin ya cika ko'ina. Na duba dama, na duba hagu. Ba kowa, sai ƙaguwa suna shiga ramukansu.

Na tuna Malam a kan tabarma, idonsa a ƙofa. Na tuna zan shiga in ce masa na je, na gani, na dawo ni kaɗai.

Sai na faɗa. Na fuskanci inda yake, na buɗe baki na kira shi, sunan da aka raɗa masa ranar da aka yanka rago ina ɗaki ina jin maroƙi yana shelarsa. Bakina bai saba da shi ba, ya fito a karkace kamar na Malam. Ni kaina ban ji muryata ba, teku ta haɗiye. Na sake. Na ce ya zo mu tafi gida.

Ban lura ba ashe dogon bakin kyamarar nan ba ruwa yake kallo ba. Ni yake kallo.

Na ga ya sauke ta a hankali. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya fara tsallako duwatsu, ɗaya bayan ɗaya, har ya iso, wandonsa sharkaf. Na juya fuskata.

"Inna, mi kika ce?"

Tun da na zo ban ji ya ce "mi" ba, sai yau.

"Na ce mota za ta tashi."

Ya dubi bayan kyamararsa, inda hoton ke fitowa. Ya daɗe yana kallo. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sake kallo.

"Awo," ya ce. "Haka na gani."

Ya hau tudu da gudu kamar yaro. Kafin direba ya gama ɗaure kwanduna ya fito da jaka ɗaya, ya kai jan karen wurin matar nan mai banda kifi, ya tsuguna ya yi masa magana a kunne. A mota ya zauna a baya cikin kifi, ya bar mini gaba.

Dawowar ba ta fi zuwan sauƙi ba. Ƙafafun suka sake kumbura, Hajiya Kulu ta yi masa faɗa tun daga Lome har Tsafe, yana cewa a yi haƙuri, Hajiya. Hoton nan kuwa na aika masa ta bakin Hadiza cewa kada in ji an wanke shi, kada in ji wani ya gani. Ya aiko cewa ba a wanke ba. Bai ce ya goge ba.

Mun tarar da Malam da ransa. Ya rage kamar kara, amma idonsa biyu. Da aka ɗaga labule ya kira ɗansa da karkataccen bakin nan, sunan ya fita sarai, aka amsa masa. Na ga furfura ta sunkuya a kan furfura.

Ni ban tsaya ba. Na aje ƙunshina na zagaya madafa, na ce wa matan gida a jiƙa dawa, a kawo kuka. Wata ta ce, "Inna, ki zauna mana ki huta, wa za a yi wa tuwo da rana tsaka haka?"

Na ce, "Baƙo gare mu."